Wasiƙa daga Nanyuki

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Yaya zafin Gashuwa, yaya kuma dakwarar taka? Tun da ka ce wasu rassa sun fara bushewa hankalina bai kwanta ba, domin abin da nake gani a nan Laikipiya ta ƙasar Kenya ya sa ba na raina rami a jikin itace.

A nan akwai wata bishiyar ƙaya, dangin dushe, wadda ta mamaye baƙar ƙasa mai laka. Gindin ƙayarta yakan kumbura ya zama ƙoƙo, tururuwa su huda su zauna ciki, in iska ta kaɗa sai ka ji tana fito. Bishiyar na ba su masauki da zaƙi daga ganyenta, su kuwa suna gadinta. Giwa ma shakkarsu take, don cikin hancinta suke shiga su cije ta.

Ɗaya daga cikin maƙiyanta shi ne ƙwaro mai dogayen ƙahoni. Macen takan saka ƙwai a ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta nutsa cikin itacen, ta yi ta ci tana haƙa hanya wata da watanni. Daga waje bishiya kore shar, ciki kuwa ya zama rariya. Ba ka ankara sai ka ga garin itace a gindi, ko iska ta karya reshe.

Ga abin da ya fi taɓa ni. A 1995 masu bincike a cibiyar Mpala da ke nan Laikipiya suka killace wasu filaye don hana giwaye da raƙuman dawa shiga. Kowa zai ɗauka bishiyoyin sun huta. Amma sakamakon da wani masani, Todd Palmer, da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2008 ya nuna akasin haka. Da aka daina cin ganyenta, sai bishiyar ta rage zaƙin da ƙoƙunan ƙayar, masu gadi suka yi rauni, wata irin tururuwa ta ƙwace wurin. Ita wannan ba ta kwana a ƙaya, a ramukan da tsutsar ta haƙa take zama, saboda haka yawan ƙwaron riba ce gare ta, ba ta hana shi ɓarna. Bishiyoyin da ta mamaye girmansu ya ragu, mutuwarsu kuma ta ninka ta sauran sau biyu. Wallahi ranar da aka nuna mini kututturen da aka tsaga, raina ya ɓaci ƙwarai.

Dakwara ba ta da irin wannan ƙaya mai ƙoƙo, amma ita ma itace ce da ƙwari masu huda ke so, musamman in fari ya jigata ta ko an tsananta mata tsaga don ƙaro. Don Allah ka zaga gonar da kanka. Duba ramuka da garin itace, ka sare busassun rassa ka ƙone su, kada a jibge su a gefen gona. Ka ja kunnen yaran su sassauta wuƙa bana, kuma kada a yi gaggawar fesa magani a kan tururuwa kafin a san aikin da suke yi.

Ka turo mini hoton rassan ta WhatsApp in nuna wa masana a nan. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka.