Asusun American Atheists a Hannun Iyali Guda

Malam Edita,

Sana'ata binciken littattafan kuɗin ƙungiyoyi, shi ya sa labarin American Atheists, ƙungiyar marasa addini a Amurka, ya tsaya mini a rai. Manajan ofishinta, David Waters, ya sace dala 54,000. A 1995 kuma ya yi garkuwa da wadda ta kafa ƙungiyar, Madalyn Murray O'Hair, da ɗanta da jikarta, aka kwashe kimanin dala 600,000 don sayen zinariya. Mutanen da ke neman hujja kan komai, ga shi sun sakar wa iyali guda, wato iyalin O'Hair, asusu! Shi ya sa da yawa suka ɗauka guduwa suka yi da kuɗin, sai a 2001 aka tono gawarwakinsu a Texas.

Naku,
Wani akanta, Kaduna