Zuwa Ga Edita: In Na'ura Ce Ta Rubuta, A Faɗa Mana

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, manhajojin nan da ke rubutu da magana kamar mutum, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na cikin masu cewa a haramta ta a ɗakin labarai. Wakilin da ya naɗo hirar awa guda, in na'ura za ta mayar masa da ita rubutu cikin mintuna, Allah ya ba da sa'a. Abin da nake roƙo ɗaya ne: duk labarin da na'ura ta sa hannu a cikinsa, a sanar da mai karatu, kuma a sa sunan mutumin da ya duba shi.

Dubi abin da ya faru a Jamus a watan Afrilun 2023. Mujallar Die Aktuelle ta buga a bangonta cewa ta samu hira ta farko da Michael Schumacher, gwarzon tseren motoci wanda tun haɗarin da ya yi a kan dusar ƙanƙara a Disamban 2013 ba a ƙara jin muryarsa a bainar jama'a ba. Ashe na'ura aka sa ta ƙaga amsoshin, sai can cikin shafi aka ɗan ambata hakan. An kori editar, kamfanin ya nemi afuwa, daga baya ya biya iyalansa diyyar yuro 200,000. To a nan wa ya yi ƙarya? Ai na'ura ba ta san yana kwance ba. Mutanen da suka sani ne suka zaɓi su yi ciniki da jinyarsa.

A Amurka ma, a Mayun 2025, jaridar Chicago Sun-Times ta fito da jerin littattafai 15 da ta shawarci jama'a su karanta, 10 daga ciki babu su a duniya. Ba wanda ya tsaya ya duba.

Mu masu karanta Hausa namu ya fi tsanani. Waɗannan manhajoji sun ƙoshi da Turanci, Hausa kuwa ɗanɗano kawai suka yi. Shi ya sa kake buɗe wasu shafukan labarai ka ga kalmomin Hausa ne, amma ginin jimlar ba namu ba ne, wani lokacin ma an juya ma'anar gaba ɗaya. In labarin ƙwallo ne sai a yi dariya a wuce. In kuwa maganar allurar rigakafi ce, ko hukuncin kotu, ko rikicin manoma da makiyaya fa? Ga kuma muryoyin bogi: gab da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an yaɗa wata murya da aka jingina wa Atiku Abubakar da Aminu Tambuwal da Ifeanyi Okowa wai suna shirya maguɗi, masu binciken gaskiyar labarai suka ce haɗa ta aka yi. A wurinmu, inda saƙon murya a WhatsApp ya fi rubutu tafiya, gidan jarida ɗaya ya ɗauki irin wannan ya isa ya jawo ɓarna.

Ba sai kun fara daga tushe ba. A Nuwamban 2023 ƙungiyar kare 'yancin 'yan jarida ta duniya, RSF, ta fitar da Yarjejeniyar Paris kan wannan batu, a ƙarƙashin jagorancin Maria Ressa, 'yar jarida daga ƙasar Philippines, kuma ta ɗora alhakin duk abin da aka wallafa a wuyan gidan jarida. Ku rubuta taku ƙa'idar da Hausa, ku buga ta a inda kowa zai gani, mu san wanda za mu tuhuma in an yi kuskure.

Wassalam.
Mai karanta ku daga Gusau.