Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya ɗauki hanyar Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mahaifiyarka ta faɗa mini cewa hutun nan za ku yi hayar motar nan mai ɗakin kwana da kicin a ciki, ku tashi daga Landan ku ratsa Faransa har Italiya. Na yi murna, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yara za su ga abin da ba a gani a aji. Sai dai akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai, ba kuma maganar da za a yi a waya tsakanin gaisuwa da sallama ba ce, shi ya sa na rubuto.

Kai direban ƙaramar mota ne. Idonka ya saba duba gaba da baya da dama da hagu, bai saba duba sama ba, domin sama ba ta taɓa tare ka ba. Wannan motar kuwa tana da rufin da ya ɗara kanka da nisa, kuma kana zaune a sitiyari ba ka ganin sa. Ranar farko za ka riƙa tuna shi. Abin da nake jin tsoro rana ta huɗu ko ta biyar ne, hannu ya faɗa, hira ta yi daɗi, yara na rigima a baya, ka manta abin da kake ja.

Don haka ranar da ka je karɓar mota, kafin ka sa hannu a takarda, ka auna ta da kanka. Ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka samu miƙaƙƙiyar sanda ka gicciya ta a kan abin da ya fi komai tudu a rufin, ka sauke tef daga bakin sandar zuwa ƙasa. Kada ka dogara da lambar da ke cikin littafin mota. Wannan tsayin da ta fito da shi daga masana'anta ne, kafin a ɗora mata tagar sama da iyakwandishan da faifan sola da eriya. Yawancin waɗannan motoci a kan jikin Fiat Ducato ake gina su, mai matsakaicin rufi yana kaiwa wajen mita 2.5 tun ba a ɗora masa komai ba, waɗanda kuma aka yi wa gado a saman kujerar direba sukan kai mita 3 ko su wuce. Ka auna ta tana wofi, tankin ruwa ba komai, domin a lokacin ne ta fi tsayi. Abin da ka samu ka ƙara masa santimita 10, ka rubuta da manyan lambobi ka manna kusa da sitiyari. Ka rubuta iri biyu, da mita da kuma ƙafa da inci, saboda allunan Ingila da ƙafa suke magana, na Faransa da Italiya da mita. Mita 3 ita ce ƙafa 9 da inci 10. A Birtaniya ma doka ce, motar da ta wuce mita 3 sai an manna tsayinta inda direba zai gani. Bakin rami, wato hanyar ƙarƙashin ƙasa, mota na tafiya, ba wurin lissafi ba ne.

Tun ba ka bar Landan ba jarrabawa za ta fara. Hanyar ƙarƙashin kogi ta Rotherhithe, wadda aka buɗe a 1908 zamanin keken doki, ba ta karɓar motar da ta wuce mita 2 a tsayi ko a faɗi. Ba taka ba ce, ko da kullum ta nan kake bi zuwa aiki. A jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku zuwa garin Kale na Faransa kuma, duk abin da ya wuce mita 1.85 taragu dabam ake sa shi, don haka ka faɗi gaskiyar tsayinta lokacin sayen tikiti, kuma ka rufe tukunyar gas kafin ka shiga layi, za su duba.

Faransa ce na fi so ka natsu a kanta. Suna da ɗabi'ar haƙa gajerun hanyoyi a ƙarƙashin mahaɗar tituna don ƙananan motoci su wuce ba tare da tsayawa ba. Birnin Rouen ya yi suna wajen masu irin motarka saboda su. Kana tafiya a layin tsakiya, titi sai ya fara gangarawa a hankali, kafin ka ankara shinge ya raba ka da sauran layuka, ba wurin kaucewa. A yammacin Paris kuma akwai ramin A86 mai hawa biyu, tsawonsa wajen kilomita 10, wanda aka kammala a 2011, an gina shi don ƙananan motoci kaɗai, iyakarsa mita 2. Taswirar waya tana son sa sosai domin yana rage tafiya. Google Maps bai san tsayin motarka ba, bai kuma tambaye ka ba. Ka sauke manhaja irin CoPilot ko ka nemi na'urar nuna hanya ta Garmin ta masu manyan motoci, waɗanda ake shigar wa tsayi da faɗi da nauyi. Su ma ɗin mataimaka ne kawai. Duk inda waya ta ce shiga allo ya ce a'a, maganar allo ce gaba.

Allon da nake nufi zagayayye ne mai jan baki, lamba a tsakiya, da ƙananan alwatika biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In alwatikan suna dama da hagu, faɗi ake nufi. Faransawa da Italiyawa waƙafi suke sa wa inda muke sa ɗigo, wato 2,60 mita biyu ne da santimita 60. Ka koya wa maiɗakinka wannan, ka ba ta aikin karanta kowace lamba da ƙarfi, ko da ta ga kamar kai ma ka gani. A cikin gari, in ka rasa layin da za ka bi, ka bi inda bas da tirela suka bi. Haka a shingen biyan kuɗin hanya: wasu ƙofofin an gicciya musu ƙarfe a mita 2, kai sai ka nufi buɗaɗɗiya.

Kafin bakin irin waɗannan ramuka sau da yawa akan rataye sandar ƙarfe mai fentin ja da fari da sarƙoƙi. In ka samu wucewa kusa da ɗaya a ƙafa, ka ɗaga kai ka dube ta. Za ka ga fenti ya goge, ta lanƙwashe a tsakiya, ga ɓurɓushin farin roba na rufin motocin mutane maƙale a jikinta. In har ka ji ƙarar ta a samanka, ka taka birki nan take. Abin da ke gabanta siminti ne.

Nan ne nake so ka saurare ni da kyau, domin na san halinka, ba ka son ka takura wa mutane. In ka tarar da kanka a bakin rami, lamba ba ta kai ba ko kana shakka, ka tsaya. Ka kunna sigina biyu. Na baya za su cika maka kunne da hon, wani zai leƙo ya faɗa maka magana da yaren da ba ka ji. Ka bar su. Ba wanda zai biya maka ko sisi a cikinsu in rufi ya yage, kuma ba 'ya'yansu ne a kwance a baya ba. In titi ne marar gudu, maiɗakinka ta sa rigar nan mai ƙyalli ta sauka ta duba maka baya ka yi ribas a hankali. In babbar hanya ce, kada ka yi ribas, ka kira 112, lambar gaggawa ce a duk Tarayyar Turai, a zo a tare maka hanya. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka ce bari in gwada a hankali. Lambar allo ba ta san an ƙara kwalta bara ba, kuma doguwar mota a ƙarshen gangara, gabanta ya sauka bayanta na sama, takan taɓa inda lissafi ya ce za ta wuce. Ka kuma karanta takardar inshora: kamfanonin haya da yawa ba sa ɗaukar ɓarnar rufi, daga aljihunka za ta fito.

A tsofaffin hanyoyin duwatsu, ramukan da aka sassaƙa bakinsu kamar baka, tsayin yana tsakiya ne, gefe gajere ne, kuma kusurwar rufinka ta gefen take. Ka jira hanya ta yi sarari ka ɗan matsa tsakiya. Ka cire baƙin tabarau, ka kunna fitila.

Ramin Mont Blanc da zai fitar da ku Italiya ba shi da matsalar tsayi, tireloli ma na bi. Kilomita 11.6 ne. A watan Maris na 1999 wata tirela ɗauke da fulawa da man shafa burodi ta kama wuta a cikinsa, mutum 39 suka rasu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su, da yawa suna zaune cikin motocinsu. Shi ya sa yanzu ba a wuce kilomita 70 a awa, kuma sai ka bar mita 150 tsakaninka da na gaba, akwai shuɗɗan fitilu a bango da za ka auna tazarar da su. In, Allah ya kiyaye, aka tsaya kuma ka ga hayaƙi, ka kashe inji, ka bar makulli a jiki, ku kwashi yara ku nufi ƙofar mafaka mafi kusa. Kada ka koma ɗauko jaka.

In ka manna takardar tsayin nan, ka ɗauki hotonta ka turo mini, hankalina zai kwanta. Ka riƙa addu'ar hawa abin hawa, ka sa yara su ma su riƙa yi. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a kira ta duk inda kuka sauka kwana. Ka gai da maiɗakinka, ka shafa mini kan jikokina. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.