Takardar Koke Kan Mabarata da Masu Kwana a Titi a Gundumar Fagge

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Fagge,
Ta hannun dagatai da masu unguwanni.
Kwafi ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Fagge, Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da yawan rai, masu wannan takarda limaman unguwa ne, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari, da malaman allo, da ma'aikatan jinya mazauna wannan gunduma. Kukanmu a kan mabarata ne da bayin Allah da ke kwana a barandar shaguna, ƙarƙashin gada da bakin tasha. Hunturu ya ƙarato, shi ya sa ba mu jira ba.

Ba ƙarin kame muka zo nema ba. An kafa dokar hana bara a Kano a 2013 zamanin Gwamna Kwankwaso, Gwamna Ganduje ya sake hana barar almajirai a Fabrairun 2020, sannan a lokacin korona aka kwashi yara a motoci aka mayar da su jihohinsu. Duk wanda ya bi titin IBB ranar Juma'a ya san inda aka kwana. Dalili kuwa, wanda ake kira mabaraci ba mutum iri ɗaya ba ne. Akwai almajirin da aka kawo karatu ba guzuri. Akwai makaho da ɗan jagoransa, da gurgu, da kuturu. Akwai matar da miji ya rasu ya bar ta da yara, da wadda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina. Akwai mai taɓin hankali da danginsa suka gaji. Akwai ɗan ci-rani da ke zuwa bayan kaka ya koma gida da faɗuwar damina. Akwai kuma, gaskiya ɗaya ce, wanda ya mai da bara sana'a har yana hayar 'ya'yan mutane. In aka zuba waɗannan duka a mota ɗaya, bayan kwana biyu aka sake su, kowa zai koma mazauninsa, domin abin da ya fito da shi yana nan.

Roƙonmu na farko shi ne Hakimi ya umarci masu unguwanni su yi rajista cikin mako biyu, tare da Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, don su ne suka san nasu, kuma su ake jin maganarsu. A yi ta bayan isha ko da asuba a inda mutum ke kwana, domin da rana yawo suke, za a rubuta mutum ɗaya sau uku. Kada mai kaki ya bi ayarin. Da an hango shi kowa zai watse. A rubuta suna, garin asali, abin da ya fito da mutum, lalurar da ke jikinsa, da lambar wayar wani ɗan uwansa. Kada kuma a ce za a raba kuɗi. Ranar da wannan magana ta fita, kafin azahar layi zai cika da mutanen da ba a taɓa gani a Fagge ba.

Batun almajirai ya fi kowanne girma, kuma shi ne wanda maganinsa ke hannun unguwa. A da kowane almajiri yana da uwar ɗaki: gida ɗaya da ya san zai sami tuwon dare da ɗumamen safe, shi kuma ya yi aike ko ya ɗebo ruwa. Tsadar abinci da gidajen haya masu ƙofar ƙarfe sun raunana wannan tsari, amma bai mutu ba. Muna roƙon a sa kowane malami ya kawo wa mai unguwa sunayen ɗalibansa, mai unguwa da liman su raba su ga gidajen da suka amince, yaro ɗaya ko biyu a gida, a rubuce. Waɗanda ba su sami gida ba a dafa musu a tsangaya. Kwano ɗaya na shinkafa, in an haɗa da wake, yana ciyar da yara kamar goma sha biyar. Ke nan makaranta mai yara sittin kwano huɗu take nema a dare. Wannan bai fi ƙarfin layi ɗaya na 'yan Kwari ba. Sai dai a riƙa ba da ɗanyen abinci na mako guda kawai, kuma wani daga kwamitin masallaci ya ga an ɗora tukunya. Buhu in ya shiga gaba ɗaya, ba kullum yake kaiwa cikin yara ba.

A gindaya wa malamai sharaɗi uku: kada a karɓi yaron da bai kai shekara goma ba sai in iyayensa na cikin gari, kada a karɓi yaro ba tare da uba ko waliyyi ya zo da kansa ya bar lambar waya ba, kuma kada yawan ɗalibai ya wuce abin da ɗakin kwana da makewayi za su ɗauka. Masai ɗaya ga yara ashirin da biyar shi ne iyaka. In ya wuce haka, bayan gida a kwata ne, kwalara kuma da damina ba ta tambayar ɗan wane.

Ƙazuwa da makero sun zama kamar tambari a jikin yaran nan. Kuskuren da masu taimako ke yi shi ne su shafa wa wanda ya fi sosa magani su tafi. Ƙazuwa ana yi wa ɗaki duka magani ne rana ɗaya, daga wuya zuwa tafin ƙafa, a bar shi ya kwana, a wanke riguna da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana, a maimaita bayan mako guda. In an bar yaro ɗaya, shi zai sake raba wa sauran.

Masu taɓin hankali ba sadakar naira ɗari suke buƙata ba, kuma mari da sasari ba magani ba ne. Kowa ya ga abin da aka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019. Asibitin Dawanau yana nan. Abin da ke ɓata aikin shi ne bayan sallama: mutum ya sami sauƙi, magani ya ƙare, babu mai saya, cikin wata biyu ya koma bola. Don haka kada a kai kowa sai an samo ɗan uwa ko mai unguwar da zai sa hannu cewa shi zai riƙa karɓo maganin wata-wata, ƙaramar hukuma kuma ta ɗauki kuɗinsa. Kutare kuwa, maganin cutar kyauta ne, ana shan sa wata shida zuwa goma sha biyu, kuma yawancin waɗanda ake gani da dungu sun daɗe da warkewa. Takalmi mai taushi da wankin gyambo suke nema, ga Asibitin Yadakunya ya san aikin.

Kafin sanyi ya kankama a Disamba, muna roƙon ƙaramar hukuma ta buɗe wurin kwana na wata uku, ko da ɗakunan da ba a amfani da su ne, na maza daban na mata da yara daban, da mai gadi, da ruwa, da makewayi. Kowa tabarma ɗaya da bargo ɗaya, kuma bargon na wurin ne, a bar shi da safe. Wanda aka ba mutum ya fita da shi, washegari a kasuwa za a same shi. A hana shiga da kaskon gawayi. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, wutar jin ɗumi a bakin rumfa kuma tana iya tada gobara, 'yan Sabon Gari kuwa sun san ɓarnar gobara tun ta 2016.

Game da jari, mun ga keken ɗinki da injin markaɗe da aka raba a taro aka sayar kafin mako ya zagayo, saboda mai yunwa ba ya jiran ciniki. A fara haɗa mutum da ubangida a kasuwa ya yi wata uku yana koyo ana ba shi na abinci, sannan a ba shi kaya, ba kuɗi ba, kashi biyu ko uku. Makahon da aka sama wa sana'a, a sa ɗan jagoransa a makaranta a ranar, in ba haka ba an gyara ɗaya an bar ɗaya.

Kuɗin wannan aiki yana cikin gundumar nan tuntuni, watsa shi ake yi ta tagar mota. Wannan canjin da ake miƙawa a kan danja shi ke jawo yara tsakiyar titi. Muna roƙon Hakimi ya tara limamai su yi huɗuba a kai, ba don a daina sadaka ba, sai don a kai ta asusun masallacin unguwa, a riƙa karanta shiga da fita a gaban jama'a duk Juma'ar farko ta wata. A kuma rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha a miƙa mata rajistar, domin in attajiran Kwari da Singa sun fitar da zakka, fakirai da miskinan da ke kwana a bakin shagunansu su ne na farko a ayar. Masu hayar yara da waɗanda rajista ta nuna ba su da wata lalura, su ne za a miƙa wa Hisba, bayan an yi musu gargaɗi sau ɗaya a gaban mai unguwa.

Muna roƙon a sa mana rana cikin wannan wata mu zo fada da sunayen waɗanda suka yarda su yi aikin rajistar ba tare da an biya su ba, da jerin gidajen da suka riga suka amince su ɗauki almajirai.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne naka masu biyayya,
Wakilan limamai, 'yan kasuwa, malaman allo da ma'aikatan jinya na gundumar Fagge.