Binciken jami'a ya iso gona, saura ɗakin haihuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yaba wa malaman jami'o'inmu. Ni manomin wake ne a karkarar Ringim. A da, tsutsa ce ke cinye mana fure da kwanso, sai mun yi feshi sau shida ko bakwai, mu dawo gida da ciwon kai, riga tana warin magani. Bara na shuka SAMPEA 20-T, irin da cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar a 2019. Feshi biyu kacal na yi, kwanso ya cika dam.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zubar jini bayan haihuwa, don shi ya raba mu da ƙanwata, Allah ya jiƙanta. Likitocin Jami'ar Bayero suna cikin binciken da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'aunin jini, tare da ba ta magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Ungozomar ƙauyenmu kuwa har yau da ido take kintata jinin. Don Allah hukumomin lafiya su kawo mana wannan leda ƙananan asibitoci.

Naka,
Manomi daga Ringim, Jigawa