Ƙarfe ma girman ƙwayarsa na canja masa hali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ga rahotonku kan ma'adinai a Filato, kun yi ƙoƙari amma duk lissafin buhu da kilo ne, shine nace bari in ɗan sa baki. Ni malamin kimiyya ne a nan Jos, kuma da kuɗin kuza babanmu ya biya mana makaranta.

Toh dan Allah duba zinare. A dunƙule, atom ɗinsa (wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin da suka haɗu suka yi shi) a jere suke sahu kan sahu kamar yadda mai lemu ke kasa lemu a tire. Amma in aka mayar da shi 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi na nanomita biyu ko uku, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000, sai jerin ya iya canjawa, ƙwayar ta dunƙule kamar ƙwallo mai fuska 20. Dalili kuwa atom ɗin da ke waje ba shi da maƙwabta ta kowane gefe, a takure yake, kuma a ƙwaya mai atom 55 guda 42 duk a waje suke, kaga su ne masu rinjaye, dole ƙwayar ta ɗauki siffar da za ta fi musu daɗin zama ko da na ciki sun matsu. Ƙarfen kobalt ma haka, jerin da babban dunƙule baya ɗauka sai ya ji wuta sama da digiri 400 a ma'aunin Celsius, ƙwayar da bata kai nanomita 20 ba tana zaune da shi lafiya lau ba wuta ba komai.

Zinare sai digiri 1064 yake narkewa, ƙananan ƙwayoyin kuwa tun da nisa sun narke, ƙwayoyin kuza ma basa jiran digiri 232 ɗinta. Har launi na canjawa, tun 1857 masanin kimiyya Michael Faraday ya yi bayanin ruwan da ƙananan ƙwayoyin zinare suka mayar ja a Ingila, kuma jan layin nan da ke fitowa a abin gwajin maleriya a kemis galibi ƙwayoyin zinare ne. Ɗalibaina wallahi dariya suka yi min ranar da na faɗa musu.

Dan Allah ku tura wakilinku jami'a ya zauna da malaman kemistiri da fiziks, ko shafi ɗaya ne a wata ku ba mu da Hausa, yaran da ke wanke kuza a Bukur suma suna riƙe da waya.

Naku,
Wani malami daga Anguwar Rogo, Jos