Zuwa ga Yaya, kan jikin Abba da maganar gwajin yara

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yara. Mu ma alhamdulillahi, sai sanyi da zirga-zirgar asibiti.

Na ji abin da ake yaɗawa, wai jifa aka yi wa ɗana Abba. Ba haka ba ne, kuma don Allah kar ya kai kunnen Inna. Likitoci a nan Minnesota sun gano ciwon, ALD suke ce masa. Wani irin kitse ne jikinsa ba ya iya narkarwa, sai ya taru yana cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ashe shi ya sa rubutunsa ya karkace, in kira shi ya tsaya yana kallona kamar bai ji ba, ni kuwa ina ta yi masa faɗa wai taurin kai. In na tuna wannan barci gagara ta yake.

Sun sa shi a kan wani magani, NAC, ta ƙarin ruwa. Likitar ta ce ɓarnar kamar tsatsa ce a jikin ƙarfe, shi kuma maganin yana taimaka wa jiki ya samar da abin da ke rage ta. Shi ne ma ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima. Ba ta ɓoye mini ba: ba ya warkarwa, tallafi ne kawai ga dashen ɓargo, wanda shi ne ke iya tsayar da ciwon in an yi da wuri. Jiya da hannunsa ya riƙe kofi, har yana gyara wa nas Turancinta. Kin san shi da baki.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ciwon nan ta wajen uwa ake gadonsa, ni ce na ba shi ban sani ba. Ke ma mai yiwuwa kina ɗauke da shi, in kuwa haka ne, kowane ɗa namiji naki rabi da rabi ne. Ya fi kama maza 'yan shekara 4 zuwa 10, ga naki biyu duk a ciki suke. Kuɗin da na turo na gwajin jininsu ne. Ki kai wa likitan yara takardar da na haɗo, ko da sai an aika jinin waje. Kar ki jira alama, kafin ta bayyana an makara. In kin ga fatar ɗayansu ko dasashinsa na ƙara duhu, ga amai da kasala, ranar ki tafi asibiti.

Kar maigidanki ya ce a ara masa zuwa ƙarshen wata. Na gwaji ne, Yaya, na gwaji. Na san ban turo na Inna ba wata biyu, na rage aiki saboda jinya, ki ba ta haƙuri.

Ki kira ni ranar da aka ɗibi jinin. Ku sa Abba a addu'a.

Ƙanwarki